Yadda ake karanta lambobin Corvette Sting Ray ta 1963 zuwa 1967

A watan Janairun 2014, a gwanjon Barrett-Jackson da ake yi a garin Scottsdale na jihar Arizona a Amurka, an sayar da wata motar Corvette ƙirar 1967 a kan dala miliyan 3.85. Da za a ajiye ta kusa da wata ƴar'uwarta ta shekara guda, ba kowa ne zai bambance su ba, alhali kuɗin ta biyun bai kai kashi ɗaya cikin goma na ta farkon ba. Abin da ya raba su shi ne injin. Ta farkon tana ɗauke da injin da ake kira L88, wanda guda 20 kacal kamfanin Chevrolet ya saka a motocin wannan shekarar. Shaidarsa a jikin ƙarfe kuwa haruffa biyu ne, IT, da aka buga a gaban bulok, wato gangar jikin injin.

Matsalar ita ce, lambar shasin waɗannan motoci ba ta faɗin irin injin da aka saka musu a masana'anta. Sai a 1972 Chevrolet ta fara shigar da harafin injin cikin lambar shasin Corvette. Kuma bayanan masana'antar St. Louis, inda aka haɗa su, waɗanda za su nuna kayan da aka haɗa wa kowace mota a waɗannan shekaru ba su wanzu a hannun kamfanin. Wanda ya saba duba tarihin mota a intanet kafin ya saya, nan ma ƙofa a rufe take, domin waɗannan shafuka lamba mai gurbi 17 suke karɓa, ita kuwa a 1981 ta fara aiki. Saboda haka a jikin motar ake neman gaskiyarta, kuma lamba ɗaya ba ta isa. Lambobin nan kamar shaidu ne a gaban alƙali: kowanne za a saurare shi shi kaɗai, sannan a ga ko maganarsu ta zo ɗaya.

Ka tanadi tocila mai haske sosai, ɗan madubi mai doguwar mariƙa, tsumma, man wanke maiƙo, waya mai kyakkyawar kyamara, da takarda da biro. Kada ka kusanci kowace lamba da sanfefa ko burushin ƙarfe. Dalilin zai bayyana idan mun zo kan injin.

Mataki na ɗaya: lambar shasi

Buɗe ƙofar fasinja, wato ta dama, ka durƙusa ka haska ƙarƙashin ɗan akwatin ajiya na dashbod. Akwai wani ƙarfe da ya gitta a wurin, a jikinsa za ka ga farantai biyu ƙanana. Mai sheƙin shi ne na lambar shasi. Idan ka ga lambar a jikin ginshiƙin gilashin gaba ta ɓangaren direba, to wannan tsarin 1968 ne zuwa sama, ba na waɗannan shekaru ba.

A 1963 da 1964 lambar tana da gurbi 12. Misali 30837S100001. Ga yadda ake raba ta:

3 shi ne shekara, wato 1963. Idan 4 ne, 1964.
08 shi ne Corvette.
37 rufaffiyar mota ce. Idan 67 ne, mai buɗaɗɗen rufi ce.
S masana'antar St. Louis ce, a jihar Missouri.
100001 lambar jeri ce, wato mota ta farko a shekarar.

Daga 1965 zuwa 1967 tsarin ya koma gurbi 13, shekarar kuma ta bar farko ta koma tsakiya. Bari mu ɗauki misali ɗaya da za mu bi har ƙarshe: 194377S114250.

1 Chevrolet.
9 Corvette.
4 injin mai silinda takwas.
37 rufaffiya, 67 buɗaɗɗiya.
7 shekarar 1967.
S St. Louis.
114250 lambar jeri. Tun da daga 100001 ake farawa, wannan ita ce mota ta 14,250.

Lambar 4 ɗin nan tana ruɗin sababbin shiga. Kowace Corvette ta waɗannan shekaru silinda takwas gare ta, daga mafi arha har L88, don haka 4 ba ta ƙara maka komai. Haka S: duk a St. Louis aka haɗa su. An fara Corvette a Flint a 1953, aka koma St. Louis, sai a 1981 aka koma Bowling Green a jihar Kentucky. Wani harafi dabam a wannan gurbi ya isa ka tashi ka kakkaɓe gwiwarka.

Yanzu gwada lambar jerin da adadin da aka ƙera. A 1963 an yi 21,513, a 1964 an yi 22,229, a 1965 an yi 23,564, a 1966 an yi 27,720, a 1967 kuma 22,940. Motar 1967 da lambarta ta wuce 122940 ba ta fito daga masana'anta ba. Rufaffu da buɗaɗɗu jeri ɗaya suke bi, ba kowa da nasa ba.

Bayan karatu sai duban yadda aka maƙala farantin. A 1963 da 1964 da ɗigon walda aka riƙe shi. Daga 1965 aka koma ribiti, kuma in ban da na farko-farkon shekarar, kawunansu suna da siffar fure. Ribitin da ka ga sabo fil, ko ƙarfen da ke kewaye da farantin ya sha sabon fenti shi kaɗai, ko gefen farantin ya lanƙwashe kamar an taɓa ɓanɓare shi, duk abin tambaya ne. Wani lokaci akwai dalili na gaskiya, kamar walda da ta saki. Amma cire farantin shasi ko sauya shi laifi ne a dokar tarayyar Amurka, kuma mai gaskiya zai nuna maka takardar da ta bayyana abin da ya faru.

Kafin ka wuce, ɗaga kai ka dubi bodin ka ga ko ya yarda da shekarar. A bayan tayar gaba, 1963 da 1964 suna da lotsawa biyu a kwance, 1965 da 1966 suna da tsaga uku a tsaye, 1967 tana da biyar. Rufaffiyar 1963 ce kaɗai ke da gilashin baya da aka raba biyu, guda 10,594 aka yi, kuma saboda tsadarta akwai waɗanda ke ɗaukar ta 1964 su dasa mata wannan rabon. Lambar farko, 3 ko 4, ita ce ke tona wannan asirin.

Mataki na biyu: farantin fenti da kujeru

Faranti na biyu da ke gefen na shasi shi ne ke faɗin yadda bodin ya fito: ranar da aka haɗa shi, salonsa, launin ciki, lambar bodi, da launin fenti.

Fara da salon. Ƙarshensa dole ya zo daidai da 37 ko 67 na lambar shasi, shekarar ma haka. Sai lambar bodi. Idan da S ta fara, a St. Louis aka yi bodin. Idan da A ta fara, kamfanin A.O. Smith ne ya yi shi a Ionia ta jihar Michigan, aka ɗauko shi a jirgin ƙasa zuwa St. Louis. A.O. Smith ya fara wannan aiki ne a farkon 1964, saboda haka motar 1963 mai bodin A ba ta yiwuwa. Masana kuma sun san cewa motocin da suka fito da salansar gefe, wadda ke bin ƙasan ƙofa, bodin St. Louis ake ba su. Idan ka ga bodin A da salansar gefe, daga baya aka saka ta. Kada ka damu idan lambar bodi ba ta yi daidai da lambar jerin shasi ba, dama ba a yi su don su yi daidai ba.

Launukan 1967 guda goma ne: 900 baƙi, 972 fari, 974 ja, 976 da 977 da 980 shuɗi iri uku, 983 kore mai duhu, 984 rawaya, 986 ruwan azurfa, 988 ja mai duhu. A 1963 lambobin sun bambanta, ja 923 ne, fari 936, baƙi dai yana nan 900. A 1965 kuwa haruffa aka yi amfani da su, AA baƙi, UU ja, CC fari. Ja da baƙi sun fi kuɗi a kasuwa, shi ya sa koren motoci da yawa suka wayi gari jajaye. Sauya fenti ba laifi ba ne, motar mutum ce. Abin ƙi shi ne a buga sabon faranti don ya gaskata sabon fentin, kuma ana yin hakan. Ka ɗauki hoton farantin kusa-kusa, domin masu sani suna gane na jabu daga siffar haruffa da tazarar da ke tsakaninsu.

Ranar haɗa bodi tana da tarko. Harafin wata a wannan faranti ba daga Janairu yake farawa ba, daga watan da aka fara aikin shekarar yake farawa. A bodin St. Louis na 1967, A Agustan 1966 ne, don haka H shi ne Maris na 1967. Motar misalinmu, mai lamba 114250, ta faɗo cikin watan Maris, saboda haka muna sa ran ganin H da ranar wata a bayansa. Wannan ranar ka rubuta ta da manyan baƙaƙe a saman takardarka. Duk sauran ranakun da za ka karanta da ita za a auna su.

Mataki na uku: dandamalin injin

A nan kuɗin yake, a nan kuma ake yin ha'inci, don haka a nan za ka daɗe.

Buɗe bonet ka tsaya ta ɓangaren fasinja. A gaban top silinda na dama akwai wani ɗan shimfiɗaɗɗen wuri da ya fito daga jikin bulok. Goge shi da tsumma da man wanke maiƙo kawai. Za ka ga bugu biyu.

Bugu na farko na masana'antar injin ne. Harafin farko wuri ne: F Flint ce, inda ake haɗa ƙaramin injin 327, mai lita 5.4. A 1967 harafin Flint ya koma V. T kuma Tonawanda ce a jihar New York, inda ake haɗa manyan injuna, 396 na 1965 da 427 mai lita 7 na 1966 da 1967. Sai lambobi huɗu, wata da rana. Sai haruffa biyu na ƙarshe, waɗanda su ne sunan injin na gaskiya. A misalinmu a ce mun ga T0306JE: Tonawanda, 6 ga Maris, JE. Idan ka ga harafin I a inda ya kamata 1 ya kasance, kada ka firgita, masana'antar kan buga hakan.

Ga haruffan da aka fi nema. A 1963: RC ƙarfin doki 250, RD 300, RE 340, RF 360 mai na'urar fesa mai ta Rochester maimakon kabureta, duk da giyar hannu. SC da SD su ne 250 da 300 masu giyar atomatik. A 1965: HG shi ne 375 mai fesa mai, shekarar ƙarshe ta wannan tsari, guda 771 kawai, IF kuma shi ne 396 mai ƙarfin doki 425. A 1967: HE 327 mai 300, HT 327 mai 350, IL 427 mai 390, JC 427 mai 400, JE 427 mai 435 da kabureta uku, IU shi ne 435 ɗin mai top silinda na alminiyam wanda guda 16 aka yi, sai IT na L88. Harafi ɗaya yana iya ɗaukar wata ma'ana a wata shekara, don haka koyaushe ka karanta shi tare da shekararsa.

Bugu na biyu a St. Louis aka yi shi, lokacin da aka aura wa motar injinta. Gutsuren lambar shasi ne: lambar shekara da lambobin jeri shida. A motarmu dole ya zama 7114250. Idan ya zo daidai, shi ne abin da ƴan kasuwa ke nufi da cewa lambobi sun dace.

To amma ƙarfen buga lamba ana sayar da shi, kuma duk mai guduma zai iya bugawa. Shi ya sa kafin ka gaskata haruffan, sai ka dubi fatar ƙarfen da aka buga su a kai. A masana'anta wata na'ura ce ke aske saman bulok da tafiya ɗaya, tana barin siraran layuka miƙaƙƙu da suka tashi daga gaba zuwa baya, bisa tsawon injin. Idan bakanike ya kai bulok wajen masu injin aski don a daidaita samansa, waɗannan layuka suna gogewa, sai a ga zane mai lanƙwasa kamar baka, ko wuri sumul. Sau da yawa lambobin ma tafiya suke yi. Mai ha'inci yana aske tsohuwar lamba, ya yi ƙoƙarin ƙirƙiro layukan da sanfefa, sannan ya buga sabuwa. Ka kwantar da tocila ta haska daga gefe, ba daga sama ba, ka ɗauki hotuna ta kusurwa da dama. Layukan asali suna da tsatsar shekaru a cikinsu, ba su da tsari ɗaya sak, kuma suna wucewa har ƙarƙashin top silinda. Yanzu ka ga dalilin hana burushin ƙarfe: shafa biyu za ta iya lalata shaidar da ta fi kowace daraja a motar.

Su kansu haruffan, a masana'anta jera su ake yi cikin mariƙi ɗaya a buga gaba ɗaya, saboda haka sukan zauna a layi, ko da wani ya fi wani nutsewa. Bugu biyun kuma ba hannu ɗaya ya yi su ba, ba gari ɗaya ba, ba rana ɗaya ba, girman baƙaƙensu ma ya bambanta. Idan suka yi kama da juna kamar tagwaye, akwai magana. Ni a ganina, duk motar da farashinta ya dogara da JE ko IU ko IT, bai kamata a biya ba sai wanda ya duba ɗaruruwan irin wannan dandamali ya ga hotunan, ko ya zo da kansa. Kuɗin da za a ba shi bai kai komai ba a kan abin da ake shirin kashewa.

Idan ka tarar da bugun da ya fara da CE, bulok ɗin musanya ne da kamfani ya bayar bayan na asali ya lalace. Yana da nasa mutunci, amma ba shi ne injin da motar ta fito da shi ba.

Mataki na huɗu: lambobin zubi

Lambar bugu nutsewa take yi cikin ƙarfe. Lambar zubi kuwa tasowa take yi, domin tare da bulok ɗin aka zuba ta a maƙera, kuma sauya ta ya fi wuya nesa ba kusa ba. Tana bayan injin ta ɓangaren direba, inda bulok ya haɗu da giyabos. A nan madubi zai yi maka aiki.

Bulok ɗin 327 na 1963 zuwa 1965 lambarsa 3782870, na 1966 yawanci 3858174, na 1967 kuma 3892657. Na 396 shi ne 3855962. Na 427 a 1966 da farkon 1967 shi ne 3869942, sannan 3904351 ya karɓi mafi yawan 1967. Wannan lamba tana faɗa maka dangin bulok ne kawai, domin an saka irinsa a wasu motocin Chevrolet da ba Corvette ba. Daga irin waɗannan motocin ne ma ake samo bulok ɗin da ake sake wa bugu.

Ranar zubi ita ce mai muhimmanci. A ƙaramin injin tana baya ta ɓangaren fasinja, a babban injin na waɗannan shekaru kuma a gefen bulok ta dama. A nan A Janairu ne, B Fabrairu, har L Disamba, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. B 14 7 na nufin 14 ga Fabrairun 1967.

Yanzu jera ranakun uku. An zuba bulok 14 ga Fabrairu. An haɗa injin 6 ga Maris. An haɗa bodin cikin Maris, bayan 6 ga wata. Wannan jeri ne mai hankali: zubi, haɗa injin, haɗa mota. Ba a haɗa injin kafin a zuba bulok ɗinsa, ba a kuma saka wa motar Maris injin da aka haɗa a Mayu. Ƙungiyar NCRS, wadda masu farfaɗo da tsofaffin Corvette suka kafa a 1974, tana karɓar tazarar da ba ta wuce wata shida ba kafin ranar haɗa motar. A aikace tazarar makonni ce a mafi yawan motoci. Tazarar wata biyar tana cikin ƙa'ida, amma ta cancanci ƙarin tambaya.

Top silinda ma suna da lambar zubi da rana, a ƙarƙashin murfinsu. Idan mai motar ya yarda a kwance murfin, ka duba. Biyun su kasance kusa da juna a rana, kuma kafin ranar haɗa injin.

Mataki na biyar: giyabos, aksil da shasi

Sai an ɗaga motar. A farkon 1963 giyar hannu mai huɗu ta kamfanin Borg-Warner ce, daga baya cikin shekarar aka koma ta masana'antar Muncie, wadda bugunta ke farawa da P. Har 1966, P da wata da rana ne. A 1967 aka ƙara lambar shekara, watan ya koma harafi: P7C06 shi ne 6 ga Maris. Haruffan Muncie suna tsallake bayan E, Yuni H ne, Yuli K, don haka kada ka ƙirga su da yatsa. A jikin giyabos ɗin akwai gutsuren lambar shasi irin na injin, kuma da yake a wuri ɗaya aka buga su a St. Louis, ya kamata siffar baƙaƙen ta zama ɗaya. Wannan gwaji ne mai kyau: wanda ya sake bugun injin ba kasafai yake iya kwaikwayon na giyabos sak ba.

A ƙasan tukunyar aksil na baya akwai haruffa biyu da rana, masu faɗin rabon haƙoran giya. Ita ma ranar ta riga ta haɗa mota.

An buga lambar a jikin shasin kansa, a saman dogon ƙarfen ɓangaren direba, wajen tayar baya. Bodi yana zaune a kanta, ga tsatsa, don haka sau da yawa ba ta karantuwa sai an ɗaga bodin. Idan an taɓa yi wa motar babban gyara, ka nemi hoton wurin. Tun da kana ƙasa, ka ƙwanƙwasa shasin gaban tayoyin baya. Bodin Corvette na zaren gilashi ne, ba ya tsatsa, sai ya rufe ruɓar da ke ƙarƙashinsa.

Mataki na shida: ƙananan shaidu

Kabureta, oltaneta, lagireto, distiribita da gilasai duk suna da lamba da rana. Waɗannan ana sauya su cikin shekara hamsin da ɗoriya, kuma ana iya sayo masu ranar da ta dace, don haka dacewarsu ba hujja ce mai ƙarfi ba.

Waɗanda suka fi amfani su ne abubuwan da mai sauya injin yakan manta. Motar 427 ta 1967 tana da agogon matsin mai da ya kai 80, ta ƙaramin injin 60. Jan layin agogon juyin injin na 435 yana kan 6,500. Manyan injuna suna da sandar hana tangaɗi a baya, wadda ƙananan ba su da ita. L88 ta 1967 kuwa ba a sayar da ita da rediyo ko hita ba, domin don tsere aka yi ta. An rubuta mata ƙarfin doki 430 a takarda, ƙasa da na JE, ko da yake kowa ya san ta fi haka nesa. Wanda ya nuna maka L88 da alamun ramin eriya da aka toshe a bodinta, ya ba ka amsa da kansa.

Mataki na bakwai: takardu

Daga 1965 kowace mota tana zuwa da ɗan farantin ƙarfe a bayan littafin garanti, mai suna Protect-O-Plate. Yana ɗauke da lambar shasi, bugun injin, na giyabos da na aksil, da sunan mai saye na farko. A juye aka buga shi, sai ka karanta da madubi. Abin da ke kansa dole ya zo daidai da abin da ka rubuto daga jikin motar, harafi da harafi.

A 1967 aka fara manna takardar odar mota a saman tankin mai. Ita ce ke jera kayan da aka haɗa wa motar, har da injin. Idan tana nan manne a tankin, ana iya hango gefenta ta bakin zuba mai idan aka janye robar. Kada ka ja ta, takarda ce da ta sha zafi da ƙura fiye da rabin ƙarni, marmashewa za ta yi. Wadda aka riga aka cire aka sa a leda, ita ma sai masani ya gani, domin ana buga na jabu a tsufar da su da gangan.

NCRS tana bayar da rahoton jigila ga motocin 1962 zuwa 1975. Ka ba su lambar shasi, su ba ka ranar da motar ta fito da dilan da aka aika wa. Ba ya faɗin injin, amma yana tabbatar da ranar da ka gina lissafinka a kai, kuma idan takardun mai motar sun ambaci wani dila a wata jiha dabam, ka kama zaren. Motocin da aka sayar sababbi a Kanada sun yi sa'a, domin reshen General Motors, uwar kamfanin Chevrolet, na can ya adana bayanansa, har da kayan da aka haɗa wa kowace mota.

Idan ka gama, zana layi uku a takardarka. A na farko ka sa abin da ya dace: shasi, faranti, gutsuren lamba a injin da giyabos. A na biyu ka jera ranaku daga ta farko zuwa ta ƙarshe. A na uku ka sa duk abin da ya saɓa, ka kai wa mai motar ɗaya bayan ɗaya. Motar da injinta ba na asali ba ne ba abin gudu ba ce. Da yawa an yi tsere da su tun suna sababbi, injuna sun fashe, an sauya, kuma irin wannan motar tana da daɗin tuƙi kamar kowace, ga sauƙin kuɗi. Sharaɗin kawai shi ne a faɗa, a kuma yi ciniki a kan haka. Idan mai sayarwa ya ce lambobi sun dace, ka nemi ya rubuta a takardar ciniki cewa wannan bulok ɗin shi ne wanda motar ta baro St. Louis da shi, ya sa hannu. Dacewar lamba da asalin injin magana biyu ce, kuma ta biyun ce kake biyan kuɗinta.